Kwakwa da Ƙwaƙwa

Tun da aka sallamo Mama daga asibiti, kalma biyu ce ta rage mata a baki. Ɗaya ita ce "a'a", wadda ko jinjiri ya ji ya gane. Ɗayar kuwa ita ta raba kan gidan.

"Kwakwa," in ji Mama, da bakin nan nata da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karkatar.

Da Auta ta ji haka sai ta saki duk abin da ke hannunta ta ruga ɗaki, domin ita ce Ƙwaƙwa. Sunan da aka laƙaba mata ke nan tun tana 'yar ficiciya, don ba a gaya mata magana ta ce to ta yi shiru. Me ya sa albasa take sa hawaye? Ina rana take kwana? Wa ya haifi kakar kaka? Mama ce ta fara cewa, "Ke dai kin cika ƙwaƙwa," sunan ya manne, ya bi ta firamare, ya bi ta makarantar kwana, har jami'a bai sake ta ba.

Sai ta durƙusa a bakin gado tana haki. "Ga ni, Mama. Ruwa za ki sha? Banɗaki? In juya ki?"

Mama ta ɗaga hannun hagu, wanda shi ne ya rage mai rai, ta dafa ƙirjin Auta ta ture ta. "A'a. Kwakwa."

"Ai ga ni, Mama."

"A'a."

Haka ake yi safe da yamma. A kira ta, ta zo, a ture ta. Wata rana har da hawaye Mama take yi, ta juya fuska bango, ta bar Auta a durƙushe kamar wadda aka aika ta manta saƙon.

Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifinsu, wadda take zuwa da hantsi ta tafi da la'asar, ita tuni ta yanke hukunci. "Ƙararki take kawowa. Cewa take kin ishe ta da ƙwaƙwa. Mutum yana kwance da ciwo, ke kuma ruwa, banɗaki, filo, magani, kamar 'yar sanda. Ko ni da nake da lafiya kaina ya yi ciwo."

Yaya kuwa, babban wansu, wanda yake aiki a wani gari mai nisa, ta waya yake nasa tafsirin. "Ƙwaƙwalwa take son cewa, harshen ne ba ya ƙarasawa. A gabanta likita ya yi ta faɗin kalmar. Ita kanta ta san kan ya taɓu, Auta. Ke ce kika ƙi yarda."

Abu ɗaya ne duk suka haɗu a kai, har da Auta: harshen Mama ya yi nauyi, ba ya iya fitar da harafin nan mai ƙugiya da ake tokarowa daga maƙogwaro, shi ya sa kalmar take fitowa a sake.

Yaya ya riga ya ce ƙarshen mako zai zo da mota ya tafi da Mama gidansa. Akwai ɗaki a ƙasa, akwai matarsa, kuma ya samu wata mai jinya da za ta dinga zuwa. A ganinsa wadda ba ta san inda kanta yake ba, ko'ina aka ajiye ta ɗaya ne. Auta kuma ta koma ta kama aikinta. Domin gab da ciwon nan ne aka ɗauke ta aiki a ɗakin gwajin ruwan sha a wani gari, kuma sun ce za su riƙe mata gurbin zuwa ƙarshen wata, daga nan sai dai ta yi haƙuri.

"Babu inda za a kai ta," Auta ta gaya masa, tana tsaye a ƙofar ɗakin Mama, waya a kunne. "Hankalinta garau yake, ni da nake kwana da ita na sani. Aiki kuwa su ba wani. Ba zan je ba."

"Ba a ƙwace wa yaro garma," in ji Yaya. "Sai na zo."

Garmar kuwa ta ɗauka, ba ta kuma bari kowa ya ga kafaɗarta tana rawa ba. Ita ce ɗaga Mama, ita ce wanka, ita ce wankin zannuwan gado kafin gari ya gama wayewa don kada maƙwabta su ƙirga mata su a kan igiya. Yatsunta suka tsattsage da sabulu. Bayanta ya riƙe, in ta sunkuya sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Duk da haka kullum rigarta a goge, idonta da kwalli. In 'yan dubiya suka zauna suna girgiza kai suna cewa, "Allah sarki, duk karatun nan," sai ta miƙa musu ruwa ta ce, "Karatun yana nan, ba tumatir ba ne balle ya ruɓe." Ba wankin ne yake cin ta ba. Turewar nan ce. Uwa ta kira sunanka, ka zo, ta ture ka, kuma ba ka da wanda za ka tambaya laifinka.

Wata safiya tana ba Mama shayi da cokali. Mama ba ta cika ci ba a 'yan kwanakin, cokali kaɗan sai ta datse baki. Ran nan kuwa ta sha har ƙasan kofi. Auta ta goge mata haɓa, ta yunƙura za ta tashi.

"Ƙara," in ji Mama.

Auta ta tsaya da kofi a hannu.

"Ƙara."

Sabuwar kalma, ta uku. Murna ta hana ta tunani, ta ruga kicin ta ɗora ruwa. Tana tsaye tana jiran ya tafasa ne abin ya faɗo mata. Ƙara. Harafin ya fito tas, da ƙugiyarsa, kamar yadda Mama take faɗa a da. Ashe harshen yana iyawa.

Ta dafa maƙogwaronta da yatsu biyu. "Ƙwaƙwa," ta ce, ta ji ya motsa sama. "Kwakwa." Bai motsa ba. "Ƙwaƙwa. Kwakwa. Ƙara. Kwakwa."

A haka Gwaggo ta shigo ta same ta, riƙe da wuya, tana yi wa buta magana.

"Innalillahi. Ita ma ta kamu. Dama na ce ciwon nan ba a cika zama kusa da shi."

"Gwaggo, kwakwa take nufi. Kwakwa ta ci, ta kasuwa. Ba ni take kira ba."

Sai da ta faɗa da bakinta ta ji ciwon maganar. Ashe duk gudun nan da take yi, tana barin tukunya a wuta, tana tuntuɓe da bokiti, ba ita ake kira ba. Ba ta san ko ta yi dariya ko ta yi kuka ba, sai ta ɗauki mayafi ta tafi kasuwa.

Mai kwakwa ya girgiza mata ɗaya a kunne. "Kin ji ruwa? Wadda ta yi shiru kada ki ɗauka, ta mutu a ciki." Ta zaɓi masu magana guda uku.

Da ta ɗora ɗaya a kan bargon Mama, sai idon tsohuwar ya kawo haske. Ta shafa gashin kwakwar, ta bubbuga ta da yatsa, ta ce, "Kwakwa," a hankali, kamar mai gaisawa da wadda suka daɗe ba su haɗu ba.

"Kin gani, Gwaggo?"

"Na gani. To sai me?"

Nan fa aka koma gidan jiya. Auta ta huda idon kwakwar da tsinin wuƙa, ta tsiyaye ruwan a kofi ta kawo. A'a. Ta buga ta da bayan wuƙa tana juyawa har ta dare biyu, ta ɓanɓaro naman, ta yanko siriri ta kai bakin Mama. A'a. Ta goga, ta matse madarar ta kawo a cokali. A'a, har da kawar da kai.

"Man kwakwa take so a shafa mata a ƙafa," in ji Gwaggo. Aka aro man kwakwa a maƙwabta. Mama ta janye ƙafar da take iya janyewa, ta harari Gwaggo da ido ɗaya.

"Ni kike harara? Ni na sa miki ciwon?"

Mama ta ɗaga hannu ta nuna saman durowar kaya. Auta ta taka kujera ta fara saukowa da abin da ke wurin. Tsohuwar rediyon Baba. A'a. Fitilar da gilashinta ya fashe. A'a. Jakar takalman da babu mai sawa. A'a. Ƙura ta cika mata hanci, tana atishawa tana miƙo kaya, Gwaggo tana karɓa tana mita. Can a ƙurya hannunta ya taɓo wani babban gwangwanin madarar gari, fentinsa ya goge, murfinsa ya lotse a gefe. Mama ba ta ce a'a ba.

Auta ta ɓalle murfin da cokali. Babu komai a ciki, sai wani ƙamshi da ya daɗe a kulle, na sukarin da ya ji wuta. Ƙamshin ya mayar da ita ɗakin kwanan makaranta, ranar farko bayan hutu, tana kwance akwati, ta tarar da gwangwanin nan a ƙasan kaya cike da alewar kwakwa, 'yan ƙanana jajaye masu ƙaras-ƙaras a baki.

"Alewa," ta ce. "Alewar kwakwa kike so, Mama?"

Mama ta lumshe ido ta buɗe.

Sai dai Auta ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba. Kullum in ana yi tana ɗaki tana haɗa kayan komawa, ƙamshin kawai take ji. Gwaggo kuma ta ce ita ci ta iya. Auta ba ta ga abin tsoro ba, wadda ta yi shekaru tana auna sinadarai ai sukari da kwakwa ba za su gagare ta ba. Ta kankare baƙin bayan, ta yayyanka naman ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ta zuba sukari a tukunya ta buɗe wuta. Kafin ta juya ta ɗauko ludayi sukarin ya yi baƙi, ta watsa kwakwar a ciki, ya yi cuu, hayaƙi ya tashi, komai ya dunƙule wuri ɗaya kamar kwalta. Daga ɗaki ta ji Mama tana buga cokali a ƙarfen gado tana "a'a, a'a, a'a".

"Madalla da mai digiri," in ji Gwaggo, tana fifita da gefen mayafi. "Wannan in kika kai wa masu gyaran titi za su gode."

Auta ta jiƙa tukunyar, ta ɗauko wata, ta kinkimi ƙaramin gas ɗin ta dire shi a ƙofar ɗakin Mama, ta buɗe taga, ta tallabe Mama da filo yadda za ta hango cikin tukunya. Ta fasa kwakwa ta biyu.

Wannan karon komai sai ta ɗaga ta nuna. Ta ɗaga sukari za ta zuba shi kaɗai, Mama ta ce a'a, ta nuna kwakwar, ta nuna kofin ruwan kwakwar da aka tsiyaye. Aka haɗa su duka a tukunya tun da sanyinsu. Ta zuba sukari kofi guda. "Ƙara." Ta ƙara. Mama ta haɗa yatsu biyu ta murza a iska. Auta ta kawo citta, a'a. Ta kawo yaji, Mama ta runtse ido don takaici. Gwaggo ce ta ce, "Gishiri, ke kuma." Aka barbaɗa ɗan kaɗan.

Ruwan ya tafasa, ya yi ta ƙonewa, ya yi kauri yana tartsatsi. Yatsan Mama yana zagayawa a iska, Auta tana bin sa da ludayi. Zafi ya dake ta a fuska, bayanta yana suka, ba ta canza hannu ba. Can sai ta ga abin ya bushe ƙamas. Sukarin ya koma fari, ya zama gari kamar yashi, kwakwar tana birgima a ciki babu abin da ya kama ta.

"Shi ke nan, ta sake lalacewa." Ta miƙa hannu ga kofin ruwa.

"A'a!"

"Mama, ya bushe fa. Ƙonewa zai yi."

Mama ta yi ƙasa da tafin hannu, Auta ta rage wuta. Yatsan ya ci gaba da zagayawa. Ta ci gaba da juya yashin nan ba don ta gane ba, tana satar kallon Mama, tana tunanin ko dai Yaya ne mai gaskiya, ko dai tana zaune ne a ƙofar ɗaki tana bin umarnin kan da ya riga ya tafi. Sai ga gefen tukunya ya fara sheƙi. Garin ya soma narkewa, ya yi ruwan zuma, ya bi kowace ƙwaya ya lulluɓe ta. Ƙamshin gwangwanin ya cika ɗakin. Mama ta buga cokali sau ɗaya da ƙarfi, Auta ta sauke, ta juye a faranti mai faɗi da ta shafa wa mai, ta warwatsa da cokali kafin su manne.

Da suka huce ta ɗauki ɗaya ta murƙushe ta ƙanana don kada ta shaƙe Mama, ta kai mata baki. Mama ta datse leɓe.

"Mama, ke fa kika ce."

"A'a."

Auta ta zauna daɓas a ƙasa. Yini guda, yatsa ya ƙone, tukunya ɗaya ta tafi, kuma a'a. Mama ta nuna faranti, ta nuna gwangwani. Auta ta wanke shi, ta goge, ta zuba alewar har wuya, ta danna murfi. Mama ta jawo shi jikinta ta rungume, ta rufe ido.

"Ni dai na bar wa Allah," in ji Gwaggo, ta ɗebi ragowar faranti ta ƙulle a gefen mayafi.

Washegari da hantsi Yaya ya iso, ranar da ya faɗa. Ko ruwa Auta ba ta bari ya sha ba, ta tare shi a ƙofar ɗaki ta zayyana masa komai: shayin, harafin, durowa, sukarin da ya koma yashi ya dawo. "Wadda kanta ya taɓu ce za ta hana ni zuba ruwa? Ka tambayi Gwaggo."

"Haka aka yi," in ji Gwaggo. "Har harara na sha."

Yaya ya shiga ɗakin. Ya cire hula, ya durƙusa a gaban gado ya kama hannun Mama. "Ki yafe mini, Mama. Na yi ta magana a kanki kamar ba kya ji." Mama ta zare hannun ta ja masa kunne kaɗan. Auta ta harɗe hannu a ƙirji. Ta ci nasara, kuma tana so a gani.

Sai idon Yaya ya faɗa kan gwangwanin da ke gefen filo. Ya yi 'yar dariya. "Kai, gwangwanin mai tafiya. Yana nan ashe." Ya waiwayo. "Auta, kin taɓa ganin Mama ta yi alewar nan ba tafiya za a yi ba? Ita ko ci ba ta yi. To ai ta gama magana. Guzurinta ta haɗa, za ta bi ni."

Auta ta san haka ne, tun jiya abin yake taɓa ta tana kawar da kai. Amma ta yi maza ta ce, "Wa ke tafiya a gidan nan in ba kai ba? Naka ne. Ka karɓi guzurinka ka koma inda ka fito."

"Ni da na zo yanzu ake kora?"

"Ku rufa mana baki," in ji Gwaggo. "Mai abu tana nan kuna rabon gado. Ku bar ta ta faɗa."

Mama ta tura gwangwanin a kan bargo da hannun hagu, a hankali, yana tangaɗi. Ya wuce gaban Yaya. Ya tsaya a gaban Auta.

"In miƙa masa?" Auta ta ɗauka ta miƙa wa Yaya.

"A'a."

Mama ta kamo gefen rigar Auta ta jawo ta har sai da ta durƙusa. Ta danna mata gwangwanin a ciki. Sannan ta dafa ƙirjinta ta ture ta, turewar nan dai da Auta ta sha tun ranar da ta tsaya a ƙofar nan ta ce aiki su ba wani. Daga nan Mama ta nuna kanta, ta nuna Yaya.

Auta ta dubi gwangwani, ta dubi Mama. Da hannunta ta fasa kwakwar, da hannunta ta juya, da bakinta ta rantse hankalin matar nan garau yake. Yanzu babu ta inda za ta ce ba a san me Mama take nufi ba.

"To wa zai dinga juya ki? Matar Yaya ta san ba kya son filo biyu? Wa zai gane in kin ce a'a ta ruwa da a'a ta banɗaki? Mai jinyar nan wa ya san ta? In ta sa miki gishiri a abinci fa? In kika kira cikin barci wa zai ji? Kuma wa ya ce miki ni ina son aikin? Na ce miki na gaji ne? Na taɓa cewa na gaji?"

Gefen bakin Mama mai rai ya ɗaga.

"Ƙwaƙwa," ta ce.

Da ƙugiyarsa ya fito, daga can maƙogwaro, har Gwaggo ta dafa ƙirji. Auta ta buɗe baki za ta ƙara wata tambayar, ba ta samu ba. Ta miƙe da gwangwanin a hammata, ta goge ido da bayan hannu kamar hayaƙin jiya ne bai gama fita ba.

"Ni ban ce na yarda ba," ta ce wa Yaya. "Kuma in na zo hutu na tarar da ko ƙurji ɗaya a bayanta, da kai da matarka sai kun gane kurenku. Tashi ka riƙe mini kujera."

Ya riƙe. Ta taka, ta sauko da akwatin Mama ta miƙa masa. Ta ɗan jima a tsaye a sama, sannan ta jawo nata.